Sati Bakwai a Kan Ƙafar Hagu

Na san labarin da kuka ji a gida. Wai an tura Sadik Dubai karatu, ya je ya ɓige da wasan santsi a cikin firiji, wani Balarabe ya lallasa shi a gaban Kawu Isa, shi ke nan aka huta. Har Ummi ƙarama ranar nan ta turo min saƙon murya tana tambaya wai da gaske ne na faɗi a gaban mutane. To da gaske ne, na faɗi, ba ma sau ɗaya ba. Balaraben nan kuma ya cinye ni, babu ƙarya. Amma ta tsakiya aka yanke muku labarin, kamar bidiyon da data ta ƙare ana cikin kallo. Shi ya sa na ce bari in danna muku shi da kaina, ku da 'ya'yan Yaya, da nawa idan Allah ya kawo su, kafin 'yan gidanmu su gama yi masa kwaskwarima.

A shekarar ina zaune a unguwar Satwa, gidan Kawu Isa ƙanin Umma. Ɗaki ɗaya da falo ne a saman shagon teloli, ni ne mai falon. Ƙarar kekunan ɗinki ce ke tashina kafin alam ɗin waya. Kawu ɗan kargo ne, ofishinsu na unguwar Port Saeed a nan Dubai, kwantenoninsu na tashar jirgin ruwa ta Jebel Ali, wayoyinsa biyu kuma ba sa yin shiru sai in ya tayar da salla. Matarsa Anti Rabi ba ta taɓa kiran sunana ba, saboda sunan mahaifinta gare ni, Mai Sunan Baba take ce min. Ita ce ke ɓoye min ƙanzo, ita ce kuma ke fara sanin na yi laifi tun kafin in cire takalmi.

Zafi ne ya kai ni wajen ƙanƙarar, ba wani buri ba. Wata ranar bazara da ko inuwa ƙuna take, 'yan ajinmu suka ja ni babban mol ɗin nan, rukunin kantunan da aka gina tudun ƙanƙara a cikinsa. Ina tsaye a layin karɓar takalma ina waya da Yaya, sai mutumin da ke bayan kanta ya ɗago ya ƙura min ido. Fuseini sunansa, mutumin Zangon Kumasi, ya girme ni nesa, shekarunsa da yawa a wajen yana ɗaure wa mutane takalma a kan bod. Bod ɗin katako ne dogo mai santsi, a kansa ake tsayawa a karkace, ƙafa biyu a ɗaure, a gangaro.

"Chale, kai Bahaushe ne? Zo nan, zo nan. Wane ƙafa ne gaba?"

Na ce, "Kamar ya?"

"Kan abin nan ƙafa ɗaya yana gaba, ɗaya yana baya. Wane ne naka?"

"Dama mana," na ce.

Ko daƙiƙa ɗaya ban yi tunani ba. Ku da kuka tashi a hannun Umma kun san dalili. Cin abinci dama, karɓar abu dama, sa takalmi dama, shiga masallaci dama, shiga sabon gida dama. Ranar da zan taho ma, a bakin filin jirgi, abu na ƙarshe da ta ce min shi ne in hau da ƙafar dama. Hagu kuwa mun san ɗakin da ake shiga da ita. To ni a kunnena tambayar Fuseini ba ta wasa ba ce, jarrabawar tarbiyya ce, kuma na cinye. Shi ma da yake ɗan gida ne sai ya gyaɗa kai ya ce masha Allah, ya ɗauko sukundireba ya ɗaure min dama a gaba. Da Bature ne a wajen da ya gwada ni tukuna. Mu biyu muka haɗu muka yi kuskuren cikin ladabi.

Daga ranar harkar ta kama ni. Na ci ƙasa, ko in ce na ci ƙanƙara, har mazaunaina suka daina sanin kujera. Amma ni mutum ne da in abu ya kayar da ni sai na ga bayansa. Shawarma na daina saya, wankan Juma'a na daina ƙarawa, komai ya koma katin shiga wajen. Cikin wata goma na zama wanda masu gadi ke gaisarwa da suna. Kwana ba ta min daɗi ta ɓangare ɗaya, na sani, amma ina rufe ta da ƙarfin hali da gudu, 'yan kallo ta gilashi kuma ba su san bambanci ba. Kaina ya fara girma, ba zan ɓoye muku ba.

Sai aka kawo sabon koci, wani Bature dogo daga ƙasashen duwatsun gabashin Turai, gwiwarsa ɗaya da ƙarfe a ciki. Kowa Kaftin yake ce masa, yadda ake kiran koci a nan. Shi ya taɓa yin tseren nan a matakin duniya, irin na maza biyu gefe da gefe. Ga yadda yake: a jera tutoci layi biyu daga saman tudu zuwa ƙasa, layi ɗaya ja, ɗaya shuɗi, tazararsu iri ɗaya. Mutum biyu su tsaya a ƙofar tashi, a buɗe musu lokaci ɗaya, kowa ya bi tutocinsa yana kewaya su hagu da dama. A sauko, a koma sama, a yi musayar layi, a sake. Wanda ya sha kashi ya tafi gida, wanda ya ci ya jira na gaba. Takalmin mai tauri ne kamar an zuba maka kankare, bod ɗin siriri ne dogo, bakinsa da kaifi. Ranar da Kaftin ya nuna mana bidiyon manyan 'yan wasan a wayarsa, na ga mutum ya kwanta a kwana har ƙugunsa na shafar ƙanƙara, hannunsa na share ta, kuma bai faɗi ba, na ce a raina, Sadik, duk abin da kake yi a baya wasan yara ne. Mu takwas ya zaɓa. Ya ara min tsohon bod ɗinsa, Fuseini ya kwance ɗaurin ya juya min shi dama a gaba kamar kullum.

Bayan wata uku Kaftin ya tara mu ya ce lokacin sanyi zai koma ƙasarsu horo a kan dutsen gaske, kuma tsofaffin abokansa sun ba shi gurbin mutum ɗaya. Zai shirya mana tsere wata Asabar da safe kafin a buɗe wa jama'a. Wanda ya ci shi ne zai tafi, ya yi horo da 'yan wasan gaske, a ga ko zai iya shiga ƙananan gasanni daga nan. Duk muka kalli juna, amma kowa ya san maganar tsakanin mutum biyu ce: ni da Rami, wani ɗan Labanan mai sanyin hali da ya fara hawa ƙanƙara tun yana yaro a duwatsun ƙasarsu. Ya fi ni tsafta a kwana, na fi shi hauka. A gwaji uku ina cin biyu.

A gida kuwa ta fara tsami. Kawu ya riga ya samo min wajen koyon aiki a sito ɗin abokinsa a Jebel Ali, tunda shekarar ƙarshe ce a makaranta. Ranar da na kawo maganar tafiya muna cin tuwo, na tura masa wayata ya ga bidiyon. Ya sa tabarau ya kalla har ƙarshe.

"Su biyun nan me ya koro su?"

"Ba abin da ya koro su, Kawu. Tsere ne."

"In ya kai ƙasa me ake ba shi?"

"Sai ya koma sama ya sake."

Anti ta ƙware da dariya, sai da ta sha ruwa. Kawu bai yi dariya ba. Ya cire tabarau ya ajiye.

"Sadiku, yayata amana ta ba ni. In ka karya wuya a kan katakon nan, ni zan ɗauki waya, ba Baturen ba. Amma ba na so gobe a ce na danne ka. Ga magana ɗaya. In ka ci tseren nan, ni da bakina zan kira uwarka in roƙar maka. In ba ka ci ba, katakon ya bar gidan nan, kai kuma Jebel Ali, khalas, shi ke nan. Ka yarda?"

Na ce na yarda, har da murmushi, don a lissafina biyu cikin uku ba caca ba ce.

Saura sati bakwai abin ya faru. Muna ɗakin canja kaya, ina tsaye da safa ina danna waya, sai na ji an ingiza ni ta baya da ƙarfi. Na yi taga-taga na tsaya, na juyo da niyyar rashin mutunci, sai na ga Kaftin ne. Ba fuskata yake kallo ba, ƙasa yake kallo.

"Kar ka motsa. Dubi ƙafarka."

Na duba. Hagu ce a gaba, ita ta tare ni.

Ya ce in ja da baya in sheƙo in yi santsi a kan tayil da safa, kamar yadda yara ke yi. Na yi. Hagu. Na sake, ina sane, ina so dama ta fita, amma jikina ya ƙi, hagu ta kuma fita. Ya tambaye ni da wace ƙafa nake buga ƙwallo, na ce dama. Ya ce to wace ce ke riƙe da kai lokacin da kake bugawa? Na ce hagu. Ya ja ni waje kan tudu ya nuna min sawun da na bari. Kwanar da nake yi ta ɓangaren yatsu layi ne siriri kamar an tsaga da reza. Wadda nake yi ta ɓangaren dunduniya kuwa faffaɗa ce, kamar an yi shara da tsintsiya.

"Wa ya ce maka dama ce gabanka?"

"Ba kowa. A wajenmu da dama ake fara abu."

Ya kalle ni, ya ga ba wasa nake ba.

"Habibi, ni ban san wajenku ba. Na san ƙanƙara. Wata uku ina gyara kafaɗarka, ina gyara gwiwarka, ashe a juye kake tsaye. Laifina ne da ban gwada ka ranar farko ba. Yanzu saurara. Da wannan ƙafar za ka iya cin Rami a nan, tudun gajere ne, ƙanƙarar da laushi. In ka ci zan tafi da kai, na yi alkawari. Amma a can dutsen kamar gilashi yake da safe. Kwanar nan taka ba za ta riƙe ba. Sati biyu za ka yi su gane, su sallame ka, in ma ba a ɗauko ka a gadon asibiti ba. In ka juya kuma, komai sabo ne. Sati bakwai ba za su isa ba. Mai yiwuwa ka faɗi tseren."

Na ce ya ɗaga ranar mana, ko da wata ɗaya. Ya ce takardun biza ba sa jira, kuma ya riga ya faɗa wa mutum takwas rana, ba zai canja ta don mutum ɗaya ba. Na koma wajen Fuseini. Da na ba shi labari sai ya dafe kai.

"Chale, ni ya kashe ka. Ni ya kamata na tura ka tun ranar. Ka ce dama, na ji daɗi, na ce wannan yaron gidan mutunci ne."

A metro, jirgin ƙasan cikin gari, ranar ban danna waya ba, wanda ya san ni ya san wannan ba ƙaramin abu ba ne. Abu biyu ke cina. Na farko Kawu da alkawarinmu. Na biyu kuwa zai ba ku dariya, amma wallahi ya fi na farkon nauyi: a harkar nan ƙafar gaba ake fara ɗaurewa. Kenan kullum in zan fara abin da na fi so a duniya, da hagu zan fara. Sai na ji kamar Umma na tsaye a bayana.

Anti na tarar a kicin tana yanka kuɓewa. Ban ce komai ba ta ce, "Mai Sunan Baba, wa ya mutu?" Na zayyana mata komai. Kawu na falo, ashe yana ji, sai ga muryarsa.

"Ka ga irinta ko? Abin da sai an shige shi da hagu, ai ka san ba alheri ba ne."

"Alhaji, kai da wace ƙafa kake taka kulocin tsohuwar motarka ta Kano?"

"Wannan daban."

"Da me ya bambanta? Katako ne fa, ba masallaci ba." Ta juyo gare ni da wuƙar a hannu. "Takalmin da kake sawa a ɗakin canja kaya, wa ya hana ka fara sa na dama? Ka yi bismillarka ka sa. In ka ɗaure hagun, da wace ƙafa kake tura kanka ka tafi?"

Na yi tunani. "Da dama."

"To ita ta fara tafiyar ai. Miƙo min gishiri."

Kawu ya yi gyaran murya ya ce shi dai magana ɗaya ya yi, kuma tana nan, ko da ka zan hau katakon. Na ce na sani.

Wannan ta warware min ta biyun. Ta farkon ba mai warware min. Na kwana biyu ina juya ta. In zauna a dama, in ci, Kawu ya kira Umma, in hau jirgi, in yi hotuna a kan dutse, ku duka ku sa ni a status, bayan sati biyu a koro ni. Ko in juya, in koma ɗan koyo, in saka komai a hannun sati bakwai. Abin da ya yanke min shi ne sawun nan mai kama da shara. Tun da Kaftin ya nuna min shi na kasa daina ganinsa. Duk saukowar da na yi sai na waiga, ga shi nan yana bina. Na gane ni ba dutse nake so in gani ba, so nake in iya. Ranar Talata na ajiye bod ɗin a kan kantar Fuseini na ce ya juya.

"Ka tabbata?"

"Juya kawai, Bro, kafin in canja ra'ayi."

Satin farko wulaƙanci ne zalla. Ni da masu gadi ke tafa wa, na koma ƙaramin tudun 'yan koyo, cikin masu yawon buɗe ido da ke ɗaukar hoto. Duniya ta juye min. Inda na saba ganin bango yanzu bayana ne, kwanar da take ta yatsu ta koma ta dunduniya. Ƙwaƙwalwa ta ce hagu, jiki ya ce dama, su yi ta musu, ni kuma in sha ƙasa a tsakaninsu. Wata Baturiya mai jikoki ta tsaya ta miƙo min hannu tana ce min kar in damu, kowa haka ya fara. Na ce mata na gode. Rami ya wuce ta kan kujerar da ke hawa da mutane sama, ya leƙo.

"Ya Sadik, in aro maka matashin kai?"

"Ka ajiye wa kanka, za ka buƙace shi ranar."

Baki ne kawai, ni na san ba ni da komai a ƙasa. A gida na mayar da falon Anti filin horo. Goge baki da hagu a gaba, guga da hagu a gaba. A metro na daina riƙe ƙarfe, in tsaya a karkace in lanƙwasa gwiwa, jirgi ya ja, ya taka burki, ni ina koya wa ƙafar aikinta, 'yan Indiya na matsawa gefe suna kallona. Lakca ta ƙare, in kama hanya. Cinyata ta hagu ta yi tsami har sujada sai da dabara. Kawu na gani bai ce komai ba, sai dai wata rana na tarar da man zafi a kan matashina, kuma Anti ta rantse ba ita ta ajiye ba.

Sati na uku na koma cikin tutoci, a hankali, Kaftin na bina yana cewa shwaiya shwaiya, wato sannu-sannu. Na huɗu kowa a cikin sauran bakwai ɗin nan sai da ya cinye ni, har wani ɗan Filifin mai shekara arba'in da ke yi don motsa jiki. Ranar na shiga banɗaki na daɗe. Sati na biyar, wata safiya, na shiga kwanar dunduniya ina jiran bod ya zame kamar kullum, sai na ji ya ciji ƙanƙara ya riƙe. Ba ƙarar shara, sai wani siririn sauti kamar ana yaga yadi. Ya ɗauke ni ya zagaya da ni ya harba ni cikin kwana ta gaba, ban yi komai ba, tsayawa kawai na yi daidai. Na kai ƙasa na waiga. Layi ɗaya siriri tun daga sama. Na zauna a wajen ina dariya ni kaɗai kamar sabon kamu. Kaftin ya sauko ya tsaya a kaina.

"Ɗaya kenan. Saura dubu. Yalla, tashi."

Ranar tseren Kawu ya ce shi zai kai ni, wai don kar a zo a ba shi labari da gishiri. Na ɗauka a bayan gilashi zai zauna ya sha shayi, sai ga shi Fuseini ya sa masa doguwar rigar sanyi a kan jallabiya, da takalman roba, hularsa na nan a kai. Ya tsaya a ƙasa wajen layin ƙarshe ya harɗe hannu, hancinsa na zuba. Na cinye na farko. Na biyu ya tsallake tuta, aka fitar da shi, sa'a ce ba iyawa ba. Rami ya share nasa biyun. Muka rage mu biyu.

Zagayen farko ina shuɗi, yana ja. Na riƙe hannuwan ƙofa, aka ƙirga, ta buɗe. Tuta uku muna kafaɗa da kafaɗa, ina jin ƙarar bod ɗinsa a kunnena. A ta huɗu na ga ya ɗan fita gabana, zuciya ta ɗebe ni, na ce bari in ƙara wuta irin ta da. Nan take tsohon jikin ya dawo. Kafaɗar dama ta yunƙuro za ta ja gaba, bod ya rasa wa zai bi, bakinsa ya kama, na yi sama na dawo. Wannan ita ce faɗuwar da aka ba ku labari. A kan ciki na ƙarasa gangarowa, na tsaya kusan a ƙafar Kawu, ƙanƙara har cikin hanci. Ya sunkuyo.

"Ka karye?"

"A'a."

"To me kake jira a nan?"

A ƙa'idar wasan, wanda aka ci a zagayen farko ƙofarsa ba ta buɗewa tare da ta ɗayan a na biyu. Sai an riƙe shi gwargwadon ratar da aka ba shi, in kuma faɗuwa ya yi akwai iyakar da ake yanke masa. Ba ta da yawa a agogo, amma a kan ƙanƙara tafiya ce. Na tsaya a ja. Ƙofar Rami ta buɗe, ya fita, ni tawa na rufe, ina kallon bayansa yana tafiya da dutsena da jirgina da komai. Da ta buɗe ban bi shi ba. Tutata kawai na kalla, sai ta gaba, sai ta gaba. Na bar hagu ta ja, dama na tura ta. Ban taɓa jin abu irin wannan ba, yara. Ƙuguna ya sauka har na ji sanyi ta cikin wando, safar hannuna na shafar ƙasa, kuma ba faɗuwa nake ba. Wajen tsakiya ƙurar ƙanƙararsa ta fara dukan gilashin fuskata. Saura tuta biyu na ga kafaɗarsa a gefena. Muka miƙa hannu tare a kan layi.

Nasa ya riga nawa. Da kamar tsawon hannu, amma ya riga.

Rami ya rungume ni yana haki, ya ce in da tuta ɗaya ta ƙaru da ya shiga uku. Kaftin ya ɗaga hannunsa a gaban kowa, haka ya kamata. Shi ya tafi. Duk lokacin sanyin nan yana turo min hotunan duwatsu farare har ƙarshen gani, ni ina buɗe su a cikin sito tsakanin kwalayen tayil da injinan wanki. Kar wanda ya ce muku bai yi min ciwo ba. Da na zauna a dama, da ni ne a hotunan, wannan na sani, kuma har yau in na tuna sai na ji shi a ƙirji.

Muka fito cikin rana, Kawu ya kunna mota ya kashe na'urar sanyi, karo na farko a tarihinsa. Muka hau babban titi. Na ga gara in riga shi magana.

"Kawu, gobe Lahadi ƙarfe nawa zan je Jebel Ali?"

"Bakwai."

"To. Bod ɗin na bar shi wajen Fuseini, zai mayar wa Kaftin."

Wayarsa ta yi ƙara, ya duba ya kife ta. Ta biyun ta ɗauka, ita ma ya kife.

"Waccan ƙafar, wata nawa ka yi a kanta?"

"Shekara da wata ɗaya."

"Wannan fa?"

"Sati bakwai."

Ya kaɗa yatsa a kan sitiyari.

"Ni ranar da muka yi magana, da ta dama na yi. Ita na yanka wa wa'adi, kuma yau ban gan ta a wajen ba. Wannan ta yau ban taɓa zama da ita ba." Ya share hanci. "Aiki za ka je, Lahadi zuwa Alhamis, ranar da ka yi latti magana ta ƙare. Juma'a bayan masallaci da Asabar, ka je ka daskare. Shekara ɗaya, yadda 'yar uwarta ta samu. Uwarka kuma kai za ka kira ta ka yi bayani, ba ni ba, tunda ba ka ci ba."

Na buɗe baki zan yi godiya, ya ɗaga min hannu.

"Kuma ka daina tsayuwar nan a metro. An gaya min."

Yatsuna ba su gama narkewa ba, sau uku ina kuskuren haruffa kafin saƙon ya tafi. Na rubuta wa Kaftin cewa kar ya ba kowa bod ɗin nan, kar kuma a taɓa ɗaurinsa. Kafin mu sha kwanar Satwa amsa ta shigo.

"Asabar, ƙarfe shida. Ka zo da cinyarka."